Sharhi: Ƙaryar 'wat 5,000' da dalilin da ya sa lasifikokinmu ke ƙonewa

A cikin kayan da jama'a ke yin karo-karo su saya a garuruwan Arewa, da wuya a samu wanda ke saurin mutuwa kamar lasifika da amfilifaya. Kwamitin masallaci zai tara kuɗi bayan girbi ya sayo sababbi, kafin azumi ya zagayo murya ta fara dishewa. Matashi mai sana'ar DJ zai sayar da buhunan masara ya haɗa kaya, biki uku ko huɗu akwati ɗaya ya yi shiru. Magidanci zai sayo na falo, kafin a jefar da kwalin an kai shi wurin mai gyara.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce kayan zamani jabu ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Yawancin kayan nan suna mutuwa ne saboda an haɗa lasifika da amfilifayar da ba ta dace da ita ba, kuma abin da ke jawo hakan shi ne lambar da aka buga a kwali, wadda ba ta nufin abin da mai saye yake zato.

A da kuskuren ba ya da zafi sosai. Yanzu kuwa yana da shi.

Kuɗin kuskure ya ninka

A watan Mayun 2023 ana canjin Dala ɗaya a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki Naira a watan Yunin shekarar, sai ga Dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kusan duk kayan sauti da ake sayarwa a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, galibi daga Chaina, wasu daga Indiya. Su sauka a Legas, su bi ta kasuwar Alaba, su iso Sabon Gari a Kano ko kasuwannin Kaduna da Sakkwato, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su rarraba. Kowane zango da kuɗin motarsa, ga litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Ɗauki gari kamar Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Yana can kudu maso gabashin jihar, kusa da iyakar Jihar Neja, nesa da duk waɗannan manyan kasuwanni. Mai saye a irin wannan wuri yana ƙarshen layi: shi ke biyan farashi mafi tsada, shi ne kuma ba ya iya mayar da kaya idan sun ba da matsala, domin kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai kan isa ya sa mutum ya haƙura.

Ga shi kuma buƙatar sauti a ƙasar Zuru ba ƙarama ba ce. Yanki ne na masallatai da coci-coci, ga bukukuwan aure bayan kaka, ga bikin Uhola na Dakarkari, ga gidajen kallon ƙwallo. Amsa-kuwwar masallaci ita ce rediyon unguwa: da ita ake sanar da rasuwa, da cigiyar yaro, da zuwan masu rigakafi. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, inda a watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a Sakaba aka kashe fiye da 50, na'urar da za ta iya kai murya ƙarshen gari cikin daƙiƙa ta wuce kayan nishaɗi.

Lambar da ke kan kwali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kayan lantarki ya ga akwatin lasifika mai batir, wanda yaro zai iya ja da hannu ɗaya, an rubuta masa 3,000W ko 5,000W da manyan haruffa. Idan aka duba da kyau, sau da yawa za a ga ƙananan haruffa huɗu a gefe: PMPO.

Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da aka amince da ita. Kowane kamfani yana lissafa shi yadda ya ga dama, bisa ƙarfin da na'urar za ta iya fitarwa na ɗan ƙiftawar ido, ko ma bisa abin da sashen talla ya ga zai ja hankali. Ma'aunin da ke da amfani shi ne wanda ake rubuta wa RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta yi zafi ta lalace ko sauti ya gurɓace ba. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu kan kai ninki goma, wani lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba.

Ba sai mutum ya yi karatun injiniya zai gano ƙaryar ba. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, abin da ta sha ne take mayarwa sauti, kuma dole wani kaso ya tafi a zafi. A juya bayan na'urar a karanta ɗan rubutun da ke kusa da inda igiyar wuta ta shiga. Idan an ce tana shan wat 60, to babu ta yadda za ta dinga ba da wat 5,000. Ko wat 60 ɗin ma ba za ta cika ba.

Na masu batir ya fi sauƙin kamawa. Da yawa daga cikin manyansu suna ɗauke da batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin wanda ake sa wa fankar caji. Duk wutar da ke cikinsa wat 84 ce na awa ɗaya. Da a ce akwatin yana fitar da wat 1,000 da gaske, minti biyar batirin zai yi ya mutu. Amma sai ka ga an kwana ana kiɗa da shi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa abin da yake fitarwa bai wuce wat 10 zuwa 20 ba.

Haka na janareto. Ƙaramin Tiger da ke ko'ina a ƙauyuka bai kai wat 1,000 ba, amma a kansa ake ɗora kayan da aka rubuta wa dubu biyar, har da fitilu, kuma ya ja.

Wannan wasa da lamba tsohon abu ne. Ya yi ƙamari a Amurka har sai da hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta kafa doka a 1974 da ta tilasta wa masu sayar da amfilifayar gida bayyana ƙarfin da take bayarwa a kai a kai. A 2024 hukumar ta sake ɗaure dokar, ta ƙayyade yanayin gwajin da kowa zai bi: lasifika mai om 8, da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Manufar ita ce wat 100 na wannan kamfani ya zama daidai da wat 100 na wancan.

A nan gida muna da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, wadda tun 2005 take da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. Muna kuma da FCCPC, wadda dokarta ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya. Duk da haka kwalayen nan suna jere a kasuwa a bainar jama'a. A ganina dalilin a fili yake: lasifika ba ta kashe mutum nan take kamar jabun magani ko wayar wuta mara kyau, don haka ba ta shiga sahun gaba. Sai dai kuɗin talakawa ne ke ƙonewa, Naira dubu ɗari nan, dubu ɗari uku can, kuma babu mai ƙirgawa.

Om: inda aka fi yin ɓarna

Ko da lambar wat ta zama gaskiya, akwai wata lamba da ta fi ta kashe kaya, kuma ita ce wadda ba a cika tambaya ba. A bayan kowace lasifika akwai rubutun 4, 8 ko 16 tare da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan shi ne om, ma'aunin yadda lasifikar ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. Idan lambar ta yi ƙasa, amfilifaya za ta ƙara zuba wuta, ta ƙara zafi.

A bayan amfilifaya ma an rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, yawanci 4. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ce sauti ba ya kai wa sahun baya, ko ba a ji a bakin kasuwa, sai a sayo ƙarin lasifika a murɗa wayarta a kan ta farko, ja da ja, baƙi da baƙi. Lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa haka sun koma om 4. Har yanzu lafiya. Uku sun koma ƙasa da om 3. Huɗu sun koma om 2. A nan amfilifayar da aka ƙera don om 4 tana jan ninkin abin da aka tsara mata, kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. Za ta yi aiki yau, ta yi gobe, ranar da aka yi doguwar lacca cikin zafin watan Afrilu sai a ji ƙauri.

Masu ƙera kayan masallatai da tashoshi sun daɗe da magance wannan. Amfilifayoyin kamfanoni irin su Ahuja na Indiya da TOA na Japan suna da wata mahaɗa a baya da aka rubuta wa 70V ko 100V. An yi ta ne domin a jera amsa-kuwwa da yawa a kan doguwar waya, muddin kowace tana da ɗan taransifoma nata. A wannan tsarin babu ruwan mutum da lissafin om. Abin da zai yi kawai shi ne ya tara wat ɗin dukkan lasifikokin, ya tabbatar jimlar ba ta kai ƙarfin amfilifayar ba, ya bar rarar kamar kashi 20 cikin 100. Amsa-kuwwa huɗu masu wat 25 a kan amfilifaya mai wat 120, an gama magana.

Abin takaici, sau da yawa za ka tarar mahaɗar tana nan ba a taɓa ta ba, ko kuma an yi mafi muni: an ɗaura amsa-kuwwa mara taransifoma kai-tsaye a kan 100V. Wannan kam ba ta daɗewa.

Sai batun waya. Daga ɗakin liman zuwa saman hasumiya ko kan bishiya tafiya ce, kuma siririyar waya mai arha, musamman irin wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana shanye wani kaso na ƙarfin kafin ya isa. Sai a ga sauti ya yi rauni, a ƙara murɗa maɓalli, a faɗa matsala ta gaba.

Ƙaramar amfilifaya ma tana kisa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa babbar amfilifaya ce kaɗai ke fasa lasifika, don haka idan aka sayi ƙarama an tsira. An yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Idan aka murɗa ƙaramar amfilifaya fiye da iyakarta, sautin da take fitarwa yana yankewa a sama, ya koma wata ƙara mai kaushi da kowa ya saba ji a wuraren biki da tashar mota. A wannan hali wutar da ke shiga lasifika ba ta sassautawa, siririyar wayar da aka naɗe a cikinta ba ta samun sararin hucewa, kuma ƙananan lasifikokin da ke fitar da siririn sauti su ne ke fara ƙonewa.

Galibin amfilifayoyin DJ suna da jar fitila da ke ƙyaftawa idan an kai wannan iyaka. Gargaɗi ce. Wasu matasan kuwa sun ɗauke ta alamar cewa kaya sun ɗauki zafi, biki ya yi armashi.

To wane girma ya dace? Tsohuwar shawarar kamfanin JBL ita ce: inda ƙwararre ke zaune yana lura da sauti, amfilifaya za ta iya ninka ƙarfin lasifika sau biyu, domin a samu rarar da za ta hana yankewar sauti. Inda kuwa aikin yau da kullum ne, ƙarfinsu ya zama daidai. Masallaci da coci suna rukuni na biyu, tunda hannu da yawa ke taɓa maɓallin: ladan, na'ibi, mai sanarwa, da yaron da aka aika ya kunna. Ɗigon fenti a inda maɓallin ya kamata ya tsaya ya fi wata sabuwar na'ura amfani.

Wat ba shi ne ƙara ba

Akwai lamba ta uku, wadda masu sha'awar kayan sauti na gida suka fi kowa damuwa da ita, kuma ita ce ke warware yawancin gardamar da ake yi a shago. Ana rubuta ta da dB, wato desibel, tana nuna yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya tak aka tsaya nisan mita ɗaya.

Lasifikar falo kan ba da tsakanin 85 zuwa 90. Amsa-kuwwa irin ta saman masallaci kan kai 105 ko fiye. Ƙa'idar ita ce duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka wat. Saboda haka lasifika mai 90 tana buƙatar rabin wutar da mai 87 ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. Amsa-kuwwa mai 105 da aka ba wat 30 za ta kai kusan desibel 120 a nisan mita ɗaya. Kafin akwatin falo mai 87 ya kai nan, sai an ba shi kusan wat 2,000, kuma zai ƙone tun kafin a je ko'ina.

Haka kuma kunnen ɗan Adam ba ya jin ninkin wat a matsayin ninkin ƙara. Sai an ninka wat sau goma kafin mutum ya ce sauti ya ninka. Wanda ya sayar da amfilifayarsa mai wat 100 ya ciko kuɗi ya sayi mai 200 ya sayi ɗan bambancin da da ƙyar zai lura da shi.

Ga mai ɗaki ko falo matsakaici, wat 20 zuwa 50 na gaskiya a kowane gefe sun wadatar, har maƙwabta su yi ƙorafi. Shi ya sa tsofaffin Kenwood da Pioneer da Technics na gwanjo, masu nauyi kamar dutsen niƙa, waɗanda aka rubuta wa wat 40 kacal, suke ba sababbin akwatuna masu dubbai kunya. Wanda ya saurari kalangun Shata ko tausayin muryar Sani Aliyu Ɗandawo a kan irinsu ya san bambancin. Sai dai a kula: na gwanjon da aka ƙera don kasuwar Japan bolt 100 suke sha, na Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce. Idan babu maɓallin sauya bolt a baya, sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba kunnawar farko ita ce ta ƙarshe.

Zamanin sola ya sauya lissafi

Tsadar fetur da rashin tabbas na wutar gwamnati, wadda babban layinta na ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, sun tura masallatai da shaguna da gidaje zuwa sola. Wannan ya sa tambayar nawa na'ura ke sha ta zama ta kuɗi kai-tsaye.

Tsofaffin amfilifayoyi masu babban taransifoma suna zubar da kusan rabin wutar da suka sha a zafi. Sababbin da ake kira Class D, marasa nauyi, suna mayar da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa lasifika. A kan batir, wannan bambanci shi ne tsakanin a kammala tafsiri da a yanke a tsakiya. Amma su ma da nasu: ba sa jure hawa da saukar wutar janareto kamar tsofaffin, kuma idan suka lalace mai gyaran ƙauye ba kasafai yake samun kayansu ba, sai dai a sauya allon gaba ɗaya. Tsohuwar kuwa ana iya sauya mata taransista ɗaya ta tashi.

Wani abin da ake yawan mantawa: amfilifayoyin masallaci da dama suna da mahaɗar batir kai-tsaye, bolt 12 ko 24. Wanda ya yi amfani da ita bai buƙatar inbata, ya huta da asarar wutar da ake yi wajen juyawa, ya kuma huta da gurnanin da inbata mai arha ke sakawa cikin sauti. Ga ƙaramin masallaci a ƙauyen Sakaba, faranti ɗaya na sola da batir ɗaya da amsa-kuwwa biyu masu kyau sun fi tarin kayan da aka saya don lambar kwali.

Kunne ba ya da mai gyara

Gasar wat tana da wani farashi da ba a biya a shago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin lalacewar ji saboda sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, wanda shi ne iyakar da hukumar ta ba wuraren casu a ƙa'idarta ta 2022, abin da ya rage mintuna ne. A bukukuwanmu kuwa yara ƙanana ne ke cincirindo a bakin akwatin DJ, wurin da ya fi ko'ina ƙara.

Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma in ban da Legas, inda hukumar muhalli ta jihar kan rufe wuraren ibada da gidajen rawa, ba a cika jin an aiwatar da wani abu makamancin haka ba. Saudiyya a 2021 ta umarci masallatai su tsayar da lasifikar waje a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, kuma a taƙaita ta ga kiran sallah da iƙama. A nan magana ce mai tsauri, musamman a garin da masallaci da coci ke kallon juna, kuma kowane ɓangare na iya ɗaukar rage murya a matsayin ja da baya. Ta fuskar fasaha dai, ƙananan lasifikoki da yawa da aka rarraba a cikin gini, kowace a ƙasa-ƙasa, sun fi sa a fahimci huɗuba fiye da manya biyu da ke amsa amo daga bango zuwa bango.

Abin da hukuma za ta iya yi ba mai tsada ba ne. SON na da ikon sanya sharaɗi a SONCAP cewa duk kayan sautin da za su shigo sai an buga ƙarfin RMS da om a jikin na'urar da kan kwali, da haruffan da ba su gaza na lambar talla girma ba. Kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a na jihohi za su iya koya wa masu gyaran rediyo da masu haɗa sola lissafin om da tsarin 100V cikin kwana biyu, tunda su ne ake kira idan za a ɗaura kaya a masallaci ko coci.

Kafin nan, kwamitin da zai aika wakili Kano ko Kwantagora sayayya zai iya rubuta masa tambayoyi uku a takarda: nawa ne RMS, om nawa amfilifayar ke ɗauka, kuma lasifika nawa za a ɗora mata. Idan mai shago ya nuna kwali, wakilin ya ce a juyo masa bayan na'urar.